Sarki Tara, Yaƙi Ɗaya

 

 Akwai wata magana da ke yawo a bakin mutane duk lokacin da labarin yaƙi ya yawaita a rediyo. A fada bayan sallar asham, ko a rumfar kasuwa, sai a ji wani ya ce: ai yaƙin nan na mutum ɗaya ne, ranar da wane ya mutu ko aka tuɓe shi, ranar za a ajiye makamai. Magana ce mai daɗin ji, domin tana sa wa wanda ake zalunta rai. Amma kafin mu jingina zukatanmu gare ta, ya kamata mu tambayi tarihi, kuma tarihin watan azumi yana da doguwar amsa. An yi wani yaƙi tsakanin Tatar, waɗanda ake kira Mangol, da Musulmin Masar da Sham. Ya ɗauki shekara 63, kuma uku daga cikin manyan ranakunsa a cikin watan azumi suka faɗo. A tsawon waɗannan shekaru sarakuna 9 suka hau gadon masu kawo harin. Za mu bi su mu ga abin da hawan kowannensu ya canza.

Na farkonsu shi ne Hulaku, jikan Jangis Han. Wansa Mangu, babban sarkin Tatar duka, shi ya ba shi runduna ya ce ya nufi yamma. A watan Safar na shekara ta 656 bayan hijira, wato 1258, ya ci Bagadaza, ya kashe halifa Musta'asim, aka yi wa mutanen birnin kisan da har yau alƙaluma ke rawa wajen rubuta shi. Shekara biyu bayan haka ya ƙetare kogin Furatu, ya ci Halab da takobi, Dimashƙa kuwa ta buɗe ƙofa ba tare da faɗa ba. Babu abin da ya rage a gabansa sai Masar, ya kuma aika mata da manzanni cewa ta miƙa wuya.

Ana cikin haka sai labari ya iske shi cewa Mangu ya mutu a can ƙasar Sin, a shekarar 1259, kuma ƙannensa biyu, Ƙublai da Arik Buka, sun ja daga a kan gadon sarauta. Hulaku ya kwashi mafi yawan rundunarsa ya koma gabas wajen Azarbaijan, ya bar wa sarkin yaƙinsa Katbuga mayaƙa tsakanin dubu 10 da dubu 20. Mai cewa mutuwar shugaba tana tsayar da yaƙi, ga hujjarsa nan, kuma hujja ce ta gaske. Sai dai akwai wani dalili na biyu da ya tafi tare da na farko, wanda makiyayan da ke saurarenmu za su riga malamai fahimtarsa. Kowane baraden Tatar yana jan dawaki da yawa a bayansa, ga garken tumaki da ke bin runduna don abinci. Ƙasar Sham kuwa idan rani ya kama, ciyawa takan ƙone, ruwa ya ja baya. Hulaku da kansa, a wata wasiƙa da ya aika wa sarkin Faransa a 1262, ƙarewar abinci da ciyawa ya ambata a matsayin abin da ya mai da shi. Mu riƙe wannan batu na ciyawa, za mu sake gamuwa da shi.

A Masar ma an yi canjin shugaba, kuma shi ne canjin da ya fi amfani. Sarkin da ke kan gado yaro ne, ɗan shekara 15 ko kusa da haka. Saifuddin Ƙuɗuz, ɗaya daga cikin Mamalik, wato bayin da aka sayo aka koya musu yaƙi har suka zama masu ƙasa, ya tuɓe yaron ya ce lokacin yana buƙatar namiji mai iya fita daga. Ya kashe manzannin Hulaku, abin da ba za mu yaba ba, domin manzo ba a kashe shi, amma da wannan ya toshe wa manyan fadarsa hanyar ja da baya. Da ya so ya ɗora wa talakawa haraji don shirin yaƙi, sai Shaihu Izzuddin ɗan Abdussalam, Allah ya ji ƙansa, ya ce ba a taɓa dukiyar talaka sai baitulmali ya ƙare, kuma sai manyan mayaƙa sun sayar da kayan adonsu na zinariya sun rage daga doki sai makami. Ranar Juma'a, 25 ga Ramadan 658, wato 3 ga Satumba 1260, rundunonin biyu suka haɗu a Ainu Jaluta cikin ƙasar Falasɗinu. Aka karya Tatar, aka kashe Katbuga, Sham ta dawo hannun Musulmi.

Mutuwar Mangu ta buɗe ƙofa, wannan gaskiya ne. Amma da Masar ta zauna tana jiran labarin mutuwa daga Sin, da Katbuga da ɗan abin da aka bar masa sun ishe ta. Kuma yaƙin bai ƙare ba. Wata uku kacal bayan Ainu Jaluta wata runduna ta sake ƙetaro Furatu, aka tare ta a Himsa. Shi kansa Ƙuɗuz bai isa gida ba, abokinsa Baibaras ya kashe shi a kan hanya ya hau gadon. Abin da ya hana Hulaku dawowa da kansa shi ne ɗan'uwansa Baraka Han, sarkin Tatar na arewa, wanda ya musulunta, ya kuma buɗe masa yaƙi ta bayan gida. Ana cewa jinin halifa ne ya fusata Baraka, kuma akwai wannan, amma su biyun suna kuma jayayya a kan makiyayar Azarbaijan.

Hulaku ya mutu a 1265, ɗansa Abaga ya gaje shi, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 1281 ya turo babbar runduna ƙarƙashin ƙanensa, sarkin Masar Ƙalawun ya tare ta a Himsa, aka yi ɓarin jini daga kowane gefe kafin Tatar su juya. Bayan ƴan watanni Abaga ya mutu.

Yanzu ga wurin da ya kamata mu tsaya mu duba da kyau. Wanda masu naɗin sarki suka zaɓa a 1282 ƙanen Abaga ne mai suna Takudar, kuma Musulmi ne, har ya ɗauki sunan Ahmad. Idan akwai canjin da mutum zai rantse zai kawo ƙarshen yaƙi, to wannan ne. Ya kuwa aika da jakadu Masar, a cikinsu har da babban malami Ƙuɗubuddin Shirazi. A wasiƙar da suka kai, Ahmad ya bayyana cewa taron ƴan sarauta da manyan mayaƙa ya riga ya yanke shawarar fita da runduna don cika burin Abaga, shi ne ya hana. Ya ce ya mai da dukiyar waƙafi ga masu ita, ya ba da umarnin a tsare hanyar alhazai, a bar fatake su yi ta kai da kawowa. Kalmomi ne masu sanyaya zuciya. Amma wanda ya karanta ta a tsanake zai ga cewa a ƙarƙashin sallamar akwai tsohuwar buƙata: Masar ta shigo cikin biyayya. Tun zamanin Jangis Han gidan nan ya ginu a kan aƙidar cewa sama ta ba su duniya duka, don haka a wajensu zaman lafiya da miƙa wuya abu ɗaya ne, wanda bai miƙa ba ɗan tawaye ne. Ahmad ya canza addini, amma fadar da ta rubuta masa wasiƙa ba ta san wani harshe ba sai wannan.

Ƙalawun ya yi murna da musuluntarsa a baki, ya tsare jakadun bai bar su sun cuɗanya da jama'a ba, ya kuma mai da amsa yana tuna masa cewa ƙanensa na can ƙasar Rum yana zubar da jinin Musulmi a daidai lokacin da ake maganar sulhu. Wasu za su ce Ƙalawun ya yi taurin kai, ya bar dama ta wuce. Mu a ganinmu ya karanta lamarin daidai, domin tambayar da ke gabansa ita ce ko mai wannan alkawari yana da ƙarfin cika shi. Ahmad ya sake aiko da jakada na biyu, shehinsa Abdurrahman. Jakadan yana tsare a Dimashƙa labari ya zo cewa wanda ya aiko shi ya mutu. Argun ɗan Abaga ya yi masa tawaye, manyan mayaƙa suka juya masa baya, aka kashe shi a 1284, shekara biyu da hawansa. Ba neman sulhu kaɗai ya kayar da shi ba, akwai rigimar gado, akwai kuma kisan da ya yi wa ƙanensa. Amma cikin abin da aka zarge shi da shi har da barin hanyar kakanni. Shehin kuwa a Dimashƙa ya rasu, bai koma gida ba.

Argun mabiyin addinin Buda ne, kuma bai ɓoye nufinsa ba. Ya aika da jakadu wurin Fafaroma da sarakunan Faransa da Ingila yana neman su haɗa kai su ci Sham, har ya yi wa sarkin Faransa alkawarin birnin Ƙudus a wata wasiƙa ta 1289 da ke ajiye a Paris har yau. Ajali ya riga shi a 1291. Biyun da suka biyo bayansa, Gaihatu da Baidu, rikicin cikin gida ya cinye su.

Sai Gazan ɗan Argun. A shekara ta 694, wato 1295, ya karɓi kalmar shahada, ya ɗauki sunan Mahmudu, ya azumci Ramadan na wannan shekara, mayaƙansa kuma suka shiga Musulunci tare da shi. Wannan ya wuce canjin mutum ɗaya, daula ce gaba ɗaya ta juya alƙibla. To, ƴan'uwa, wannan sarki Musulmi shi ne ya yi wa Sham abin da babu wanda ya yi mata tun bayan Hulaku. A ƙarshen 1299 ya ƙetaro Furatu, tare da shi har da mayaƙan Armeniya da Jojiya, ya karya rundunar Masar a Wadil Hazandar kusa da Himsa, mutanensa suka shiga Dimashƙa. Aka yi huɗuba da sunansa a masallacin Banu Umayya, a lokacin da ake wasashe unguwar Salihiyya, unguwar malamai da makarantu, ana kama mata da yara. Kagarar birnin ce kaɗai ta ƙi buɗewa.

Hujjar da ya kafa ita ce sojojin Masar sun kai hari Mardin cikin watan azumi sun yi ɓarna, don haka shi ya zo ne ya rama wa addini. Mu lura da wannan: kakansa ya zo da sunan ikon da sama ta ba shi, jikan ya zo da sunan kare Musulunci, hanyar da dawakin suka bi kuwa ɗaya ce, garuruwan da aka ƙone su ne dai na da. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, domin gwamnan Dimashƙa na da, Ƙibjaƙ, wanda ya saɓa da sarkin Masar ya gudu wurin Gazan, yana cikin wannan runduna. Shaihu Ibnu Taimiyya, Allah ya ji ƙansa, ya fita cikin tawagar manyan gari ya sami Gazan, ya faɗa masa a gaban fadawansa cewa yana da'awar Musulunci, yana tafe da alƙali da liman da ladanai, amma ya ci amanar da kakanninsa marasa sallah ba su ci irinta ba. Daga baya ya koma wurin sarkin yaƙinsu neman a saki fursunoni, ya kuma ƙi karɓar Musulmi kaɗai sai an haɗa da Kirista da Yahudawan da ke zaune ƙarƙashin amanar Musulmi.

Gazan bai iya zama ba, cikin ƴan makonni ya juya, sauran rundunarsa ta bi shi kafin rani. Ya sake fitowa a shekara mai zuwa, ruwan sama da sanyi suka kashe masa dabbobi ya koma. A karo na uku ya turo sarkin yaƙinsa Ƙutlushah, aka haɗu a Shaƙhab, kudu da Dimashƙa, ranar 2 ga Ramadan 702, wato Afrilu 1303. Mutane da yawa sun yi ta ɗari-ɗari, suna tambaya yaya za a yaƙi masu faɗin kalmar shahada. Ibnu Taimiyya ya warware musu wannan, ya kuma ba da fatawar a sha ruwa don a sami ƙarfin faɗa, yana zagaya sahu yana cin abinci a gabansu don kada wani ya ji nauyi. Aka yi wa Tatar mummunan kaye, ƙishirwa ta gama da da yawa daga cikinsu a kan tudun da aka tsare su, wasu kuma Furatu ya cinye su a hanyar gudu. Gazan ya mutu shekara ɗaya bayan haka.

Ƙanensa Uljaitu ya fara da aiko da jakadun zaman lafiya, a lokaci guda kuma yana rubuta wa sarkin Faransa. Da wasu manyan Mamalik, Ƙarasunƙur da Afram, suka gudo wurinsa suka ce masa Sham a buɗe take, sai ya fito. Cikin Ramadan na 712 ya yi wa garin Rahba da ke bakin Furatu ƙawanya, garin ya dake, abinci da harawa suka ƙare masa, ya kwashe tantunansa bayan kamar wata ɗaya. Daga wannan rana rundunar gidan Hulaku ba ta sake ƙetarowa don cin Sham ba.

Me ya sa kowane fitowa yake ƙarewa haka? Domin a ɗaya gefen an yi aikin da bai rataya a wuyan sarki ɗaya ba. Baibaras ya ƙarfafa kagarun bakin kogi, Bira da Rahba. Ya kafa gidajen sauya dawaki a kan hanya har saƙo yakan tashi daga Dimashƙa ya isa Alƙahira cikin kwana 4, ga kuma tantabaru masu kai takarda. Yakan sa a cinna wa ciyawar kan iyaka wuta don dokin maƙiyi ya rasa abin ci. Gadon Masar ya sha juyi da kisan gilla, ba za mu wanke su daga wannan ba, amma duk wanda ya hau yakan tarar da wannan shiri ya riƙe shi.

Sulhu ya zo ne a zamanin na tara, Abu Sa'id, wanda ya hau gado yana yaro ɗan shekara 12 ko kusa da haka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba nufin sarki ne ya kawo shi ba. Mai riƙe da daula a lokacin shi ne Juban, shugaban mayaƙa, kamar mu ce Ƙaura a fadar Katsina da Maradi, sai dai ikonsa ya shafe na sarki. Juban yana cikin waɗanda suka tsira da kyar a Shaƙhab, ya san abin da ke bayan Furatu da idonsa. Ga kuma maƙiya ta arewa da ta gabas suna kawo hari, ga tawayen wasu manyan mayaƙa a 1319, ga baitulmali ya yi rauni. Mutanen da suka juya wa Ahmad Takudar baya shekara 35 da suka wuce suna ganin Sham ganima ce da ake hana su. Ƴaƴansu da jikokinsu kuwa sun ga cewa maƙabarta ce. Abin da ya canza shi ne lissafin masu ɗauke da gadon sarauta a kafaɗunsu, kuma shekara da shekaru na dawowa hannu wofi ne suka canza shi.

Wanda ya yi ta zirga-zirga tsakanin fadojin biyu ma ba malami ba ne, ba kuma basarake ba, wani baban fatake ne, Majduddin Sallami, mai sayo wa sarkin Masar bayi. Aka fara magana wajen 1320, aka ƙulla a 723, wato 1323, tsakanin Abu Sa'id da Nasir Muhammadu ɗan Ƙalawun. Sharuɗɗan ba su da ado: Masar ta daina turo masu kisan ɓoye, kada wani gefe ya nemi a mai do masa da waɗanda suka gudu, a buɗe hanya ga fatake, ayarin alhazan Iraƙi ya tafi Makka cikin aminci. Maganar miƙa wuya, wadda aka yi shekara 60 ana zubar da jini a kanta, ba ta shiga ciki ba. Da yawa daga cikin waɗannan abubuwa su ne Ahmad Takudar ya ambata tun 1282. A wancan lokaci mutum ɗaya ne ke faɗinsu, fadarsa na harararsa.

Shekara ɗaya bayan sulhun, Mansa Musa na Mali ya sauka Alƙahira a hanyarsa ta hajji, ya tarar da wannan Nasir Muhammadu a kan gado ba ya fargabar gabas. A 1327 matafiyin nan Ibnu Baɗuɗa ya ga Abu Sa'id a Bagadaza yana saurayi, har ya yi tafiyar kwanaki cikin ayarinsa. Shi ne mutumin da daga baya, a 1353, ya sauka Takadda a nan ƙasarmu, ya ba da labarin tagullar da ake kai wa Gobir.

Akwai wani gwaji da ya rage, kuma bai daɗe ba ya zo. A 1327 ɗin nan Abu Sa'id ya gaji da zama ƙarƙashin inuwar Juban, ya juya masa, aka kashe shi a Hirat. Wanda ya ƙulla sulhu ya tafi, kuma da a ce sulhun a hannunsa kaɗai yake, da dawaki sun sake nufar Furatu. Ba su nufa ba. Fatake suka ci gaba da tafiya, jakadu suka ci gaba da kai kyaututtuka, har Abu Sa'id ya mutu a 1335 bai bar magaji ba, daular ta tarwatse.

Shekara ɗaya kafin a kashe shi, Juban ya kashe dukiya mai yawa wajen gyara magudanar ruwan da ta toshe a Makka, ruwa ya sake gudana ga alhazai da mutanen gari a 726. Ya kuma gina makaranta kusa da masallacin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana fatan a binne shi a cikinta. Aka ɗauko gawarsa tare da ayarin alhazan Iraƙi, ta hanyar nan da shi ya sa aka buɗe, aka tsaya da ita a Arfa, aka kewaya Ka'aba da ita, sannan aka wuce Madina. Sarkin Masar bai yarda a sa shi a makarantar ba, sai aka binne shi a Baƙi'a.